Yatsu Huɗu da Rabi

Mirgol, 12 ga Afrilu, 1987

Zuwa ga ƙanin mijina, Nadir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan zamanka a Karachi. Mu nan mun gode Allah. Inna tana fama da gwiwarta kamar kullum. 'Yarmu Shirin ta yi tari duk tsawon hunturu, yanzu ya lafa, har ta fara bin awaki da gudu. Ni kuma ina tsaye, tunda ba wanda ya tambaye ni ko ina son kwanciya. An ce hanyar dutsen Lowari da ƙanƙara ta rufe ta buɗe, motar wasiƙu ta farko za ta sauka jibi, shi ya sa na ari biron malamin makaranta.

Na san mutumin da ya tsallake dutse da ƙafa ya kai maka labarin rasuwar yayanka tun Disamba. Kwana tara Zarwali ya yi da ciwon ƙirji. Ya ambace ka sau biyu, na biyun yana dariya. Sauran sai ka zo, ba zai rubutu ba. Allah ya jiƙansa.

Ga abin da ya zaunar da ni. Sha'ir ya tsiro, kowane gida a Mirgol ya sauke murhun ƙarfensa. Tun safe ba ka jin komai daga bakin rafi sai ƙarar bututun hayaƙi ana share shi, mata na bugu da sanda, maza na jan dunƙulen ƙaya da igiya ta ciki, kowa ya yi baƙi ƙirin sai ido. An shafe su da mai an rataye a rumbu sai kaka. Gida ɗaya ne bai sauke ba, namu.

Ka san yadda yayanka yake kafa shi. In ya haɗa bututun ya fitar da gwiwarsa ta ramin bango, sai ya kwaɓa laka da ƙaiƙayi ya liƙe kewayen da hannu. Kowace kaka ya liƙe, kowace bazara ya fasa da taɓarya yana waƙarsa marar daɗi, ba wanda ya taɓa kallon lakar sau biyu. To, ta bana ta bushe da shatin hannunsa na hagu a jiki. Yatsu huɗu da rabi, Nadir, har da guntun nan. Inna ce ta gani, kwana uku bayan jana'iza. Tun ranar, kullum in ta idar da sallar asuba sai ta hau akwatin gari da gwiwar nan tata, ta sa yatsunta a cikin nasa, ta daɗe, sannan ta sauko ta sha shayinta.

Ranar Talata na ce, “Inna, a kira Kawu Sardar ya sauke mana murhu.” Ta ce, “Ya sauke na gidansa.” Na ce ai ya sauke tun makon jiya. Ta ce, “To, ya huta.”

Da shekara ce irin ta kullum, da na yi shiru. Amma Zarwali ya kwanta kafin ya sauko da busasshen itacen da ya tara a kan tudu, ƙanƙara ta binne shi a can. Ɗanyen itacen bakin rafi muka ƙona wata huɗu. Ka san abin da yake bari a cikin bututu, baƙin danƙon nan mai kama wuta. Yanzu in na ƙwanƙwasa bututun ba ya amsawa, kamar na bugi buhun gari. Kuma ba ya saukuwa sai an fasa lakar.

Maganata ba ta da nauyi a wurin Inna, matar ɗa ce ni. Kai ne namijin gidan yanzu, ko da yake ƙofar masaƙar wasu kake gadi. Ka rubuto mata layi biyu, ka ce a sauke. Ina so a share ɗakin nan tas, a buɗe shi ya sha iska, ko na samu in yi numfashi.

Shirin ta ce a gaya maka haƙorinta ya fita.

Matar yayanka,
Nigar

Karachi, 9 ga Mayu, 1987

Yaya Nigar,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Zafi ne kawai yake so ya gama da mu a nan, mu shida a ɗaki ɗaya da fanka mai ciwon wuya. A gaishe da Inna, a gaishe da Kawu Sardar, a ce wa Shirin ta ajiye mini haƙorin in gani.

Na karanta abin da kika rubuta a bakin ƙofar masaƙa, sai da na nemi wani ya riƙe mini gadi na zagaya bayan gini. Yaya, ban ɗauki makararsa ba. Ban zuba masa ƙasa ba. Ina nan ina buɗe wa motocin auduga ƙofa aka binne shi, sai bayan kwana goma sha shida na ji. Yanzu takarda ta farko da zan aika wa uwata bayan rasuwar ɗanta, ita ce za ta ce a ɗauki taɓarya a fasa hannunsa? Ba zan iya ba.

Kuma gaggawar me ake yi? Bazara ce. Ba wanda zai hura wuta a ɗaki kafin Oktoba. Bututu ne fa, ba maciji ba, ba zai sauko ya sari kowa ba. An yi mini alkawarin hutu a Agusta. In na zo zan zauna da wuƙa in yanke lakar a hankali, in cire ta ɗungurungum, Inna ta ajiye abinta, mu wanke bututun. Kowa ya samu nasa.

Akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, gara in fitar da ita. Kin ce kina so a share ɗakin tas ki yi numfashi. Na karanta layin nan ya fi sau goma. Wani ɗan garinmu da ya sauko ya ce 'yan'uwanki sun zo gidan sau biyu tun da hanya ta buɗe. Ba na zargin ki, kina da ƙuruciya, kuma addini bai ɗaure ki ba. Amma in gidan ne ya ishe ki, ki faɗa a fili. Ba sai an goge shi daga bango ba kafin ki tafi.

Ga 'yar takarda a ciki, ki karanta wa Inna: “Inna, Nadir ne. Kada kowa ya taɓa murhun nan sai na zo. Ni zan sauke shi da hannuna.”

Ƙaninki,
Nadir

Mirgol, 3 ga Yuli, 1987

Nadir,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. An fara yankan alkama, tuffa ta yi 'ya'ya har rassan sai da aka tokare su. Gwiwar Inna ta yi sauƙi da zafin rana. Gaisuwar ke nan, ba ni da wata mai tsawo yau.

Sati uku na yi ban amsa maka ba, don da na amsa a ranar da takardarka ta zo, da ba ka ƙara kira na yaya ba. Wato kai daga Karachi ka hango ina tattara kaya? 'Yan'uwana sun zo, gaskiya ne. Na farko sun kawo gishiri da shayi. Na biyu sun nome mana gonar da yayanka ya bari, wadda ƙaninsa bai zo ya nome ba. Sun ce in koma gida, na ce musu ina gida. Numfashin da na ce kuwa numfashi ne na hanci, irin wanda kake yi. Wata huɗu muka kwana muka tashi cikin hayaƙi, yarinya na tari har tana amai. Kai da ka yi aji takwas, ashe karatun da ke tsakanin layi kawai aka koya maka.

Na karanta wa Inna takardarka, tunda ba ni da halin ɓoyewa. Ta karɓa ta sumbace ta, ta naɗe a ƙyalle, ta ɗinke a cikin rigarta kamar laya. Yanzu duk wanda ya buɗe baki a kan murhu, sai ta dafa ƙirji ta ce, “Mai gidan ya yi magana.” Ka ba ta abin da ba ta da shi a da. A da kuka kawai take da shi.

Kawu Sardar ya gwada dabara. Ya ce bari ya share ta waje ba tare da ya taɓa lakar ba. Ya sa tsani, ya cusa ƙaya da sanda, sai ga sheƙar tsuntsu ta fito da ƙwai biyu, don bututun da aka bari a tsaye duk bazara gida ne ga mai so. Da ya kai gwiwa sandar ta tsaya cak. Ya ɗan ƙara ƙarfi, sai wani ɓarɓashin laka kamar ƙwayar wake ya faɗo ta ciki. Inna ta fito da muciya. “Sardar, sauko! Sauko tun ban karya tsanin nan da kai ba! Gemunka ya yi fari, hankalinka yana nan ɗanye.” Ya ce, “Yaya, gidan zai ci wuta.” Ta ce, “Gidanka ne?” Ya sauko yana kaɗa kai. Ƙwayar waken tana cikin gwangwanin allurarta yanzu.

Kawu ya ce in gaya maka, lakar da ba a gasa ba ba ta yankuwa da wuƙa, marmashewa take yi. Amma ka zo ka gwada. Ni dai ka zo.

Nigar

Karachi, 6 ga Satumba, 1987

Yaya Nigar,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina fata kuna lafiya. Na ci zagin, kuma na cancanta. Ki yafe mini maganar 'yan'uwanki. Mutum in yana nesa, kunnensa ya fi idonsa aiki.

Kin ga Agusta ta wuce ban zo ba. An kori masu gadi biyu, aka ce duk wanda ya tafi hutu kada ya dawo. Na je wurin shugabanmu sau uku, na uku bai ma ɗaga kai ba. Ya ce watakila ƙarshen Oktoba. Ki gaya wa Inna ina nan tafe.

Maganar murhu, ku ɗan ƙara haƙuri. In sanyi ya riga ni, ku riƙa hura wuta kaɗan-kaɗan, da busasshen itace zalla. Hunturu ɗaya ne ya wuce a kansa ba a share ba, ba goma ba. Na aiko wa Shirin takalmin roba ja a hannun direba, in ya yi mata yawa a cusa auduga.

Ƙaninki,
Nadir

Mirgol, 1 ga Nuwamba, 1987

Ƙanina Nadir,

Assalamu alaikum. Takalmi ya iso, ya yi mata yawa, ta ƙi cirewa ko a shimfiɗa. Inna lafiya. An gama ɗora ciyawar shanu a kan rufin ɗaki, bana ta yi yawa har ta kusa shafar bakin bututu. Ƙanƙara ta sauko rabin dutse.

Oktoba ta ƙare. Ba zan tambaye ka ba, na san amsar.

Mun jure kwana goma sha biyu da barguna, muna dafa abinci a tsakar gida. Ranar da na ga leɓen Shirin ya yi shuɗi na hura murhun. Wuta kaɗan, busasshen itace, yadda ka ce. Hayaƙin ba ya fita, Nadir, yawo yake a ɗaki yana neman hanya. In bututun ya yi zafi sai baƙin ruwa ya riƙa ɗiga daga mahaɗa, yana wari kamar an ƙona taya. Na sa kwano a ƙasa. Shirin tana tashi da ciwon kai, ni ma haka. Inna ta ce nata kan lafiya lau, alhali ina ganin ta tana ɗaure shi da ɗankwali har idonta na rufewa.

Shekaranjiya na durƙusa a gabanta. Na ce, “Inna, ki dubi yarinyar nan. Ita ma hannunsa ce, kuma tana motsi.” Ta yi kuka, na yi kuka. Na ɗauka an gama. Can sai ta share ido ta dafa ƙirji inda takardarka take, ta ce, “Ɗa ɗaya ya rage mini. In na karya maganarsa, da wane ido zan dube shi?” Ka gani? Yanzu ba Zarwali kaɗai take gadi ba, har da kai.

Na yi tunanin in ɗauki Shirin mu koma gidan Kawu. Amma in bar tsohuwa ita kaɗai da wannan murhun? Kuma me za ka ce, kai da ka riga ka hango ni a hanya?

Ban iya roƙo ba, ka san halina, yayanka ya sha faɗa. Yau ina roƙon ka. Layi biyu, da rubutun hannunka, don ta san shi ko da ba ta iya karatu ba. Direbobi sun ce Lowari ba za ta wuce sati uku a buɗe ba. Kada ka tsaya neman kalmomi masu daɗi.

Nigar

Karachi, 22 ga Nuwamba, 1987

Yaya Nigar,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Takardarki ta yi kwana goma sha uku a hanya, ni kuma na ƙara mata takwas a aljihu. Ba zan ɓoye miki ba. Kullum in zauna zan rubuta, sai hannuna ya ƙi.

Kin san labarin guntun yatsan nan? An ce miki shi ya yanke yatsan da kansa da lauje yana yaro. Ba haka ba ne. Ni ne. Ina da shekara bakwai, yana da sha ɗaya, ya riƙe mini damin ciyawa ya ce in gwada. Na rufe ido na kai sara. Da muka isa gida jini na zuba, ya ce wa Baba shi ya yi, Baba ya ƙara masa da mari don sakaci. Har ya rasu bai faɗa wa kowa ba. In muna faɗa sai ya ɗaga mini hannun kawai ya yi murmushi, faɗan ya ƙare nan take. Da kika rubuto cewa guntun ya fito a jikin lakar, sai na ji kamar an ce in sake kai masa sara.

Jiya na tuna wata bazara da na ce masa mu bar murhun a tsaye, ai kaka za ta dawo. Ya jefe ni da dunƙulen ƙaya ya ce, “Malalaci, 'ya'yan wa za su kwana a ƙarƙashinsa?” Da yana nan, da tun Afrilu ya fasa lakar nan yana waƙa. Ni na tsaya ina kare hannunsa daga abin da hannun yake yi kowace shekara.

Ga takardar Inna, ki karanta mata a hankali:

“Inna, Nadir ne, ɗanki. Na janye maganata. Ba zan samu zuwa ba sai bazara. A kashe wuta yau, a kira Kawu Sardar ya fasa lakar, a sauke bututun a wanke. In akwai laifi a ciki, nawa ne, ni na ce a yi. Zarwali ba zai yafe mini ba in wani abu ya sami Shirin. Ki cire waccan takardar daga rigarki ki sa wannan.”

Yanzu zan kai ta gidan waya da kaina. An ce ba a rufe hanya ba tukuna.

Ƙaninki,
Nadir

Mirgol, 17 ga Afrilu, 1988

Ƙanina Nadir,

Assalamu alaikum. Da farko, dukanmu muna raye, ni da Inna da Shirin. Na sa wannan a sama don ka iya karanta sauran a zaune. Daga gidan Kawu Sardar nake rubuto maka, a nan muka ci hunturu.

Takardarka ta Nuwamba jiya ta iso, a motar farko, ta jiƙe a gefe ɗaya. Direban ya ce buhun wasiƙun ya kwana a ƙasan Lowari wata biyar. Kwana biyu da rufe hanya ta isa can. Na hana a aiko maka da labari ta bakin masu tsallake dutse, don kada ka taso cikin ƙanƙara mu yi asara biyu. In ka ji haushi, nawa za ka ji.

Ranar Juma'a ce, sha ɗaya ga Disamba, da rana tsaka. Maza duk sun sauka masallaci. Ina gasa gurasa, wutar ta ƙi ci, na ƙara mata 'yar busasshiyar ƙaya. Sai na ji bututun ya ɗauki gurnani kamar mota na hawa tudu. Kafin in miƙe ya yi ja tun daga murhu har bango. Na watsa ruwa a murhun, a banza, wutar ba a nan take ba, tana cikin bututu. Na sunkuci Shirin na fitar, na dawo na ja Inna. Muna fita na ga harshen wuta yana fitowa ta bakin bututun, ciyawar rufi ta riga ta kama.

Na zaunar da Inna a kan dutsen wanki, na ruga in kwance shanu. Kuskurena ke nan. Da na juyo ba ta nan.

Na same ta a kan akwatin gari, cikin hayaƙi, garwashi na zubowa daga azara. Ta sa hannu biyu tana ɓamɓarar lakar daga jikin bututun da ya yi ja. Ban san da wane ƙarfi ba. Na kama ta ta ƙugu muka faɗo tare, na ja ta a ƙasa har waje. Ba ta yi ihu ba ko sau ɗaya. Abin yana rungume a ƙirjinta, rigar na hayaƙi. Takardarka ta farko a nan ta ƙone.

Da maza suka hauro rufin ya riga ya rufta. Bango huɗu suna nan. Ciyawa ta tafi duka, dole aka yanka jar saniya a Janairu, baƙar kuma maƙwabta suka ciyar da ita loma-loma. Takalmin Shirin ɗaya ya tsira, tana nan tana ajiye da shi.

Lakar kuwa, Nadir, wutar ta gasa ta. Ta yi ja ta yi tauri kamar tukunya, in ka ƙwanƙwasa tana amsawa. Yatsu huɗu da rabi, ba abin da ya ɓace, har zanen fatarsa ana gani. Kawu ya juya ta a hannu ya ce wannan sai ta fi mu duka daɗewa. Sai ya fita waje, don kada a ga fuskarsa.

Hannuwan Inna sun warke, in warkewa ke nan. Ma'aikacin asibiti ya yi tafiyar yini biyu a ƙasa ya zo ya ɗaure su. Yatsun sun lanƙwashe, sabuwar fatar sumul take tana sheƙi. Ranar da aka kwance ƙyallen ta ce a kawo mata lakar. Na ɗora mata a cinya. Ta yi ta ƙoƙarin sa yatsunta a cikin nasa, sun ƙi miƙewa. Ta shafa da bayan hannu, ta shafa da tafi. Can ta ce, “Nigar, ba na jin komai. Kamar hannun wata nake shafawa da shi.” Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, har da ranar jana'iza.

Kada ka ɗauki kayan nan kai kaɗai, akwai rabona a ciki. A watan Satumba Inna ta tafi ta'aziyya ƙauyen gaba, yini guda. Na rufe ƙofa, na ɗauki taɓarya, na hau akwatin. Bugu ɗaya ne da an gama, Nadir. In ta dawo ta zage ni, ta yi fushi wata guda, shi ke nan. Na ɗaga taɓaryar na duba, sai ga hannun da ya riƙe ni shekara takwas. Na ajiye ta. Na jingina kumatuna a wurin har rana ta karkata. Kuma ba ranar na fara ba, duk sanda Inna ta fita nakan hau. Shi ya sa nake ta damun ka da layi biyu. So nake a fasa, amma ba da hannuna ba. So nake laifin ya zama naka.

Jiya na karanta wa Inna takardarka, tata da tawa duka, har da labarin lauje. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, “Ai na sani. Wa ya wanke laujen?” Ta sa na ɗinke mata wannan a riga, tunda ita ba ta iya riƙe allura yanzu.

Yau tun safe ana ta bugun bututu a bakin rafi. Kawu ya ce in an samu hannu, za a ɗora rufi kafin yankan alkama, kuma yana da tsohon murhu a rumbu. Na tambayi Inna me zan ce maka. Ta daɗe tana sauraron bugun nan, sannan ta ce in rubuta haka, kuma kada in gyara mata:

“Ka gaya wa mai masaƙar ya nemi wani mai gadi. Ba sai ka sauke komai ba, wuta ta sauke. Ka zo da kaka ka kwaɓa laka, ka liƙe mana bututu da hannunka. In bazara ta yi, ka fasa ta a gabana in gani. Ina so in ga hannun da ake fasawa a sake wani.”

Ni ba ni da abin ƙarawa. Haƙoran Shirin biyu sun fita, ta ajiye maka duka.

Matar yayanka,
Nigar